Yadda za ka shirya inshorar lafiya kafin albashinka na ƙarshe ya shigo

Wata huɗu da ajiye aikina na gane cewa katin inshorata ya mutu. Na tafi asibitin da na saba zuwa nan Zariya da sassafe don in karɓi maganin hawan jini da na suga kamar yadda nake yi duk wata, na miƙa kati ta tagar masu fayil, yarinyar ta duba kwamfuta ta sake dubawa, ta jawo wata takarda mai kauri tana bi da yatsa, can ta ɗago ta ce "Baba sunanka fa bai zo a lis ɗin wannan watan ba." Na ce 'yata ki sake dubawa dai, shekara nawa ina zuwa wurin nan. Sai ta ce "Baba ko ka yi ritaya ne?" Toh nan ne jikina ya yi sanyi, don lokacin fansho bai fara shigowa ba, kuɗin sallama kuma ko ƙamshinsa ban ji ba, haka na fito na tsaya a kemis na sayi maganin sati biyu kawai da kuɗin da na ranta wajen babban ɗana, maganin da a da kashi goma cikin ɗari na kuɗinsa kawai nake biya.

Ba laifin yarinyar ba ne, ba kuma laifin asibitin ba. Ni ne na yi shekara guda cur ina zirga-zirgar takardun fansho, ban taɓa zama na tambayi kaina shi wannan katin wa zai ci gaba da biya masa ba. Shi ya sa na ce bari in rubuto yadda ake yi, don wanda ya rage masa shekara ɗaya ko biyu kada ya faɗa ramin da na faɗa.

Abun da ya kamata ka fara ganewa, inshorar ma'aikaci a ɗaure take da albashi. Duk wata ana cire wani abu daga albashinka, wanda ya ɗauke ka aiki ya ƙara nasa kason, da wannan ne ake tura wa asibitin da ka zaɓa kuɗi a kan kowane kai, ko ka je ko ba ka je ba. Ranar da sunanka ya fita daga takardar albashi, ba a daɗewa yake fita daga lis ɗin da ake aika wa asibiti, kuma ba kai kaɗai ba, har uwargida da yaran da ke ƙarƙashinka duk tare za ku fita. Wato daidai lokacin da gwiwa ta fara ƙara, ido ya fara hazo, fitsari ya fara gardama, daidai lokacin ne kati ke mutuwa, kuma daidai lokacin ne aljihu ya fi bushewa don tsakanin albashin ƙarshe da fanshon farko akwai watanni masu tsawo, wanda ya shiga ya sani. Duk shirin da zan faɗa don toshe wannan tsakanin ne.

Matakin farko, ka zauna ka lissafa ranar fitarka daidai, ba kintace ba. A aikin gwamnati ƙa'idar ita ce shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga zuwa. Amma mu a Zariya da yake garin makarantu ne lissafin ya bambanta: malaman firamare da sakandare dokar 2022 ta kai su 65 da haihuwa ko 40 a aiki, a jami'a kuma furofesa na kaiwa 70, sauran ma'aikata 65. Ka je ofishin da ke riƙe da fayil ɗinka ka ga abun da ke rubuce da idonka, don na san mutumin da yake lissafi da shekarun da ya sani a kansa, ashe a fayil an rubuta masa wata shekarar tun ranar da aka ɗauke shi aiki, takardar ritaya ta same shi shekara biyu kafin lokacin da yake zato.

Idan ka san ranar, sai ka san a ƙarƙashin wa kake. Nan mutane da yawa ke ruɗewa, kowa ya ce "NHIS" alhali abubuwa biyu ne daban. Idan ma'aikacin tarayya ne kai, misali ABU, asibitin koyarwa na Shika, kwalejin koyon tuƙin jirgin sama, NITT, NARICT ta Basawa da ire-irensu, kana ƙarƙashin hukumar tarayya ne, wadda muka sani da NHIS tun da ta fara aiki a 2005, sai a watan Mayun 2022 Buhari ya sa hannu a sabuwar doka aka mayar da ita NHIA, kuma dokar ta ce inshorar lafiya ta zama dole a kan kowane ɗan Najeriya. Idan kuma ma'aikacin jihar Kaduna ne kai ko na ƙaramar hukuma, malamin makarantar jiha, ma'aikacin kwalejin kimiyya da fasaha ta Nuhu Bamalli, ma'aikacin sakatariya, to hukumarka KADCHMA ce, hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha da aka kafa da dokar 2018. Tsofaffin sojoji su nasu tsarin daban ne, suna da kamfanin kula da lafiyarsu na rundunar tsaro wanda ke ci gaba da ɗaukar nauyinsu bayan ritaya, saboda haka idan kai tsohon sojan Depot ne, wato barikin horar da sojoji na nan Zariya, wannan rubutun rabinsa bai shafe ka ba, ka bi ta hanyarku.

A kusan kowace ma'aikata akwai wanda ke riƙe da teburin inshora, wani lokacin a sashen kula da ma'aikata, wani lokacin a asibitin ma'aikatar. Ka neme shi tun saura shekara ɗaya, ka zauna da shi ka masa tambayoyi uku ka rubuta amsar a takarda: wane wata za a cire sunana daga lis, akwai wani tsari da ma'aikatarmu ko ƙungiyarmu ta yi wa 'yan fansho, kuma wace HMO ce ke riƙe da ni yanzu. Wallahi sai ka sha mamaki, akwai wanda ya yi shekara 15 da kati a aljihu bai san sunan HMO ɗinsa ba, ni ma ina ciki. HMO su ne kamfanonin da ke tsakaninka da asibiti, su ke ba da lambar izini idan za a tura ka wajen babban likita ko za a yi maka aiki.

Mataki na gaba shi ne wanda ya fi cin rai, gyaran takardu. Yanzu komai da NIN ake yi, rajistar inshora da NIN, tantancewar fansho da NIN, banki da BVN, kuma duk sai sun yi magana da murya ɗaya. Mu kuwa 'yan zamaninmu kun san yadda aka yi mana suna. A firamare hedimasta ya rubuta maka sunan unguwa ko na gari a matsayin sunan mahaifi, a sakandare aka mayar da Muhammadu zuwa Mohammed, a wajen ɗaukar aiki aka taƙaita shi zuwa Moh'd, yaron da ya cika maka fom ɗin NIN kuma ya juya sunan farko ya koma na ƙarshe. Ranar haihuwa kuwa rabinmu 1 ga Janairu aka haife mu. Ka ɗauko takardar ɗaukar aiki, takardar shaidar haihuwa ko ta rantsuwar kotu, silif ɗin NIN, bayanin BVN da takardar kamfanin fanshonka, ka shimfiɗa su a tabarma ka bi su harafi harafi. Inda ka ga saɓani ka fara gyara yanzu, gyaran suna ko shekara a NIMC, hukumar da ke ba da NIN, kuɗi ne kuma yana ɗaukar lokaci, ba abun da za ka fara ba ne ranar da kake kwance. Haka za ka yi wa Hajiya, don sau da yawa matsalar daga nata take fitowa, a tsohon kati sunanta da na miji, a NIN sunanta da na mahaifinta. Ma'aikatan tarayya da ma PenCom, hukumar fansho ta ƙasa, na kiran ku tantancewa kafin shekarar fitarku, to ka haɗa aikin biyu a tafiya ɗaya, takardun kusan iri ɗaya ne. Ka yi fotokwafi da yawa, ka ajiye hotuna ƙanana na fasfo kamar guda takwas na kowa, ka kuma sa yaro ya ɗauki hoton kowace takarda a waya.

Sai kuma abun da ban yi ba kuma har yau nake cizon yatsa: ka ci moriyar katin tun yana da rai. Saura wata shida ka je asibiti ka ce wa likita kai tsaye, likita na kusa ritaya ina so a duba ni sosai. A auna jini, a auna suga da safe kafin ka ci komai, a yi gwajin ƙoda, a duba ido ko akwai yana ko hawan jinin ido wanda shi ba ya sallama sai ya ci rabin gani, maza a duba mafitsara, mata a duba mama da bakin mahaifa, haƙorin da ka shekara kana lallaɓawa da kanumfari a cire shi. Idan akwai aikin da likita ya daɗe yana cewa a yi kana cewa sai an yi hutu, gwaiwa ce ko yanar ido, wannan ne lokacin, don neman lambar izini da samun ranar tiyata kaɗai na iya cin watanni. Sannan ka roƙi likitan ya rubuta maka taƙaitaccen tarihin ciwonka da ainihin sunan magungunan da kake sha da ƙarfinsu, amlodipine 10 ne ko 5, metformin 500 ne ko 1000, ba wai ka je sabon wuri kana cewa "wani fari ne ƙarami mai tsaga a tsakiya" ba. A ziyararka ta ƙarshe ka tambaya ko za a iya ba ka maganin da ya fi na wata ɗaya, wasu wuraren suna yi idan jininka ya daidaita.

Toh yanzu ina za ka koma bayan an cire ka? Ƙofa uku ce a gabanka.

Ta farko GIFSHIP, tsarin da hukumar tarayya ta ƙaddamar a ƙarshen 2020 don wanda ba ya cikin takardar albashin gwamnati: ɗan kasuwa, mai sana'a, ɗan fansho, kowa. Kana iya shiga kai kaɗai, ko da iyali, ko a ƙungiyance. Lokacin da aka fara shi naira 15,000 ne kan kowane mutum a shekara idan kun haɗu ku 10 ko fiye, wanda ya zo shi kaɗai kuma 45,000 da damar ƙara mutum biyu. Wannan tsohon farashi ne, an ƙara tun tuni kamar yadda komai ya ƙaru, saboda haka kada ka ɗauki kuɗi ka nufi Kaduna da lissafin 2020, ka sa mai teburin inshora ya faɗa maka na yau. Abun da ya sa na kawo tsohon lissafin don ka ga hikimar haɗuwa ne. Mu da muka yi, mu goma sha biyu ne, wasu abokan aiki da muka fita shekara ɗaya, wasu kuma 'yan majalisarmu ta bayan la'asar, muka naɗa mutum ɗaya mai haƙuri da ƙafa ya riƙe takardu. Idan reshen ƙungiyar 'yan fansho na wurinku na da irin wannan shirin ma ya fi sauƙi, ka shiga nasu. Kyawun wannan ƙofar ga tsohon ma'aikacin tarayya shi ne kusan irin hidimar da ya saba ce, kuma yana iya ci gaba da asibitinsa da fayil ɗinsa da likitan da ya san shi.

Ta biyu KADCHMA. Ba sai ka taɓa yi wa jiha aiki ba, suna da tsarin da duk mazaunin jihar zai iya biya na shekara ya shiga, shi kaɗai ko da iyalinsa, kuma kuɗin ya fi na tarayya sauƙi. Asibitocinsu su ne na jiha da na unguwa da wasu masu zaman kansu da suka yi rajista da su. Ga wanda ke cikin birni, asibitin Gambo Sawaba na nan Kofar Gayan, na Sabon Gari kuma ga asibitin Manjo Ibrahim Abdullahi kusa da su. Idan kai ma'aikacin jiha ne da ma sunanka na cikin kwamfutarsu, abun da za ka tambaya shi ne yadda za a mayar da kai daga rukunin ma'aikata zuwa na masu biya da kansu ba tare da an yanke ba, ka kuma tambaya ko akwai hanyar da za a riƙa cira daga fansho kai tsaye, don biya a dunƙule ba kowa ke iyawa ba.

Ta uku ta masu ƙaramin ƙarfi ce. Dokar lafiya ta 2014 ta ware kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don kula da lafiya a matakin farko, da wannan kuɗin ake yi wa marasa galihu rajista kyauta a asibitocin mazaɓu, jihar Kaduna mazaɓa 255 gare ta, kuma tsofaffi na cikin waɗanda dokar NHIA ta 2022 ta lissafa a matsayin masu rauni. Amma gurbin kaɗan ne, masu buƙata kuma ba iyaka. Ni dai ra'ayina, wanda ya fita a matakin albashi na 12 ko 14 yana da fansho komai ƙanƙantarsa bai kamata ya je yana kokawar wannan gurbin da gwauruwar da ke sayar da ƙuli ba. Amma masinja ko lebura ko mai gadi da ya fita da fanshon da bai kai kuɗin buhun masara ba, ya je wajen shugaban asibitin mazaɓarsa da mai unguwa ya sa sunansa, haƙƙinsa ne.

Na san akwai mai cewa a ransa shi fa wannan inshorar bai natsu da ita ba ta fuskar addini. Ni ba malami ba ne, ka tambayi malamin da ka yarda da shi. Abun da zan iya cewa kawai tsarin gwamnatin nan gudummawa ce ake tarawa a asusu ɗaya, wanda ya kwanta a ɗauka a yi masa magani, wanda Allah ya ba lafiya kuɗinsa ya yi wa ɗan'uwansa amfani, shi ya sa ma jihohinmu suka kira shi taimakekeniya.

Kafin ka biya ka zauna ka yi lissafin kawuna, nan ma akwai magana. Tsarin ma'aikata da ka saba da shi mutum shida yake ɗauka, kai da mata ɗaya da 'ya'yan cikinka huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, saura sai an biya musu daban. Yanzu da za ka biya da aljihunka kowane kai da kuɗinsa, kuma mai mata biyu ko uku ya san ba a yi wa ɗaya a bar ɗaya in dai yana son ya sha ruwa a gidan cikin kwanciyar hankali. Idan kuɗin ba zai ɗauki kowa ba, fara da masu shan magani kullum da masu haihuwa da ƙananan yara. Yaran da ke jami'a ko kwaleji da ma makarantarsu na karɓar kuɗin inshorar ɗalibai a cikin kuɗin rajista, kada ka biya sau biyu. 'Ya'yan da suka kama aiki kuma wannan ce hidimar da ta fi dacewa a ɗora musu, maimakon shaddar sallah kowa ya ɗauki nauyin katin mutum ɗaya. Kuɗin shekarar farko dai ka ware shi tun albashi na shigowa, ko daga adashe ko daga abun da za ka karɓa a kofaretib ɗin ma'aikata, ka sa shi inda hannu ba ya kaiwa. Kada ka ce sai kuɗin sallama ya fito, shi ba ya da rana.

Zaɓen asibiti, nan zan ɗan daɗe don shi ne abun da za ka zauna da shi. Kowa so yake ya rubuta Shika saboda can manyan likitoci suke. Gaskiya ne, amma ka tuna asibitin da ka zaɓa nan za ka riƙa zuwa don zazzaɓi da awon jini da karɓar magani duk wata, ba don tiyata kawai ba. Mutumin da ke Kofar Doka ko Gyallesu ko Tudun Jukun, ya hau keke zuwa PZ ko Kwangila, ya sake hawa mota ta Samaru har Shika, ya bi layi, ya dawo, kuɗin motar wata ɗaya ya kusa kuɗin maganin, ga shi yanzu ba motar ofis ba kuɗin mai. Idan kana Samaru ko Zango ko Palladan to wannan daban. Shawarata ka zaɓi na kusa da gida wanda ke da likita a tsaye da ɗakin gwaji, idan abu ya fi ƙarfinsu da ma dole su rubuta maka takarda su tura ka babban asibiti, HMO ta ba da lamba, a duba ka a can. Kuma kafin ka rubuta sunan kowane asibiti ka je da ƙafarka ranar aiki, ka zauna a benci wajen masu inshora, ka gaisa da dattijan da ke layi ka tambaye su: ana samun magani a famasi ko kullum sai a ce babu a je waje a saya? Ana raba layin masu inshora da masu biya a hannu, kuma wane layin ya fi tafiya? Da dare akwai likita? In an shiga yajin aiki ina kuke zuwa? Amsar da za ka samu a bencin nan babu ofishin da zai ba ka ita. Idan ka zaɓa daga baya ka ga ba ta yi ba ana iya canjawa, amma sai ka yi wata shida da su, kuma canjin ma sai ya ɗauki lokaci kafin sunanka ya bayyana a sabon wurin.

Ranar rajista ka tafi da NIN na kowa, hotuna, takardar sanarwar ritaya, tsohon kati, da lambar wayar da ka san ba za ka yar ba. Ofishin NHIA na jiha a Kaduna yake, haka hedikwatar KADCHMA, amma kafin ka kama hanya ka tambayi mai teburin inshora na asibitinku don sau da yawa ana iya cika fom a nan Zariya, kuma idan kuna da yawa a ƙungiya ana iya shirya su zo su ɗauki hoto da bayananku a wuri ɗaya. Wajen biya ka buɗe ido. Kuɗin hukumar tarayya ta Remita, manhajar biyan kuɗin gwamnati, ake biya, a fitar maka da lambar RRR ka kai banki ko ka biya ta waya, na jiha ma asusun hukuma ne. Duk wanda ya ce turo ta akawun ɗina zan ƙarasa maka, ko da ɗan unguwarku ne ko yana sanye da rigar hukuma, ka ce masa ka gode. Rasit ɗin ka yi masa fotokwafi biyu.

Ga inda lissafin lokaci ke shigowa. Ba ranar da ka biya kake fara cin moriya ba, akwai lokacin jira kafin sunanka ya isa asibiti, mu namu ya kai kusan wata biyu, wasu sun ce nasu ya kai uku. Wato idan ka bari sai an ce maka "sunanka bai zo ba" sannan ka fara, ka sayi watanni na biyan magani da aljihu kamar yadda na yi. Ma'aikaci na ba da sanarwar wata uku kafin ya fita, to ranar da ka miƙa wannan takardar, a satin ka je maganar sabuwar rajista. Wani lokacin za su ce ba za a iya sa ka a sabon rukuni ba tunda NIN ɗinka na nan da rai a rukunin ma'aikata, in haka ta faru ka sa su faɗa maka takamaiman watan da za ka dawo, ka cika fom ka ajiye, kuɗi na hannu. Wani abokina da ba ya son ko kwana ɗaya ya zauna ba kati, shi KADCHMA ya biya wa kansa da matarsa tun yana aikin tarayya don ta riƙe shi a tsakanin, tunda hukumomin biyu kowa da rajistarsa. Ya kashe ɗan kuɗi ƙari amma matarsa na allurar insulin, ya san abun da yake gudu.

Kada kuma ka shiga da zaton komai kyauta ne, don kada ka je kana faɗa da ma'aikatan jinya a banza. Ganin likita, gwaje-gwaje na yau da kullum, kwanciya ta iyakantattun kwanaki, haihuwa, tiyata da yawa, duk suna ciki. Magani a tsarin tarayya kana biyan kashi 10 cikin 100, kuma maganin da ke cikin jerin hukuma ne za a ba ka, ba lallai mai kwalin da ka saba gani ba, sinadarin dai ɗaya ne. Manyan hotuna irin su CT da MRI raba kuɗin ake yi da kai. Wankin ƙoda sau kaɗan suke ɗauka ba na dindindin ba, gilashin ido akwai iyakar kuɗin da suke biya, fita waje neman magani kuwa babu shi sam. Ka nemi takardar abubuwan da ke ciki da waɗanda ba sa ciki a ranar rajista, ka sa a karanta maka in idon ya gaji, musamman layin da ya shafi ciwon da ka san kana da shi.

Bayan lokacin jira ya cika kada ka zauna sai ciwo ya zo. Ka shirya lafiyarka lau ka je asibitin ka ce a duba ko sunanka da na iyalinka sun zo, a buɗe fayil, ka miƙa musu tarihin da tsohon likitanka ya rubuta. Ka karɓi lambar wayar HMO da ta mai teburin inshora da ta ofishin hukumar, ka sa a wayarka da ta Hajiya da ta yaron da ya fi zama a gida, don ranar da za a buƙaci lambar izini da tsakar dare wataƙila kai ne a kwance ba ka iya magana. Tun 2025 hukumar tarayya ta ba HMO umarnin su fitar da lambar izini cikin awa ɗaya, kuma mai buƙatar gaggawa a fara duba shi kafin lamba, saboda haka idan aka bar ka a benci tun safe har azahar ana cewa ana jiran lamba, ka kira HMO da kanka, in ba su ɗauka ba ka kira ofishin hukumar, cikin ladabi amma ka kira.

Saura sabuntawa. A da ba ka taɓa tunaninta ba don albashi ke yi maka, yanzu shekara na cika kati zai sake mutuwa, kuma in ka bari ya mutu ana iya mayar da kai layin jira kamar sabon shiga. Mu a ƙungiyarmu abun da muka yi, kowa na ba ma'aji wani abu duk wata idan fansho ya shigo, saura wata biyu wa'adi ya cika sai a je a biya gaba ɗaya. Ni kuma na rubuta ranar da jan biro a jikin kalandar da ke falo, na kuma rubuta a bayan katin kansa, na faɗa wa autata ta sa a wayarta ta tuna min tun watan Rajab.